Rigar Idin Liman da Injinan Wanki Biyu

Ba zan taɓa mantawa da jajiberin wata Babbar Sallah ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin Turawa na nan, ni kuma ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sabon duba-gari, an turo ni wani gari mai kasuwa tsakanin Bici da Ɗambatta. Garin kuwa ba baƙona ba ne, garinmu ne, a nan aka yanke cibiyata, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na yi wata tara a Kano ina koyon aikin tsafta, na ga lantarki, na ga famfo, na sha shayi da cokali, sannan a ce in dawo inda kowa ya san ni tun ina yawo ba wando?

Ƙasarmu irin wadda gona ke manne da gona ce, gida na hango gida, ba inda mutum zai tsaya ya yi tagumi ba tare da wani mai kai taki a jaki ya tambaye shi ko lafiya ba. Aikina kullum shi ne in sa kaki, in ɗauki ludayi, in bi gida-gida ina leƙa randuna ina neman tsutsar sauro. In na samu, in sa a tuntsurar da ruwan. (Mata sun tsane ni, kuma yanzu da na tsufa na ga suna da gaskiya. Mace ta yi asubanci ta ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba goma sha, kai kuma ka zo da gajeren wando ka ce a zubar.) Ban damu ba, don ni jikina ne kawai a garin. Duk motar gyaɗar da ta wuce zuwa Kano sai na bi ta da ido har ta ɓace. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, abinci ma a tsaitsaye nake ci kamar wanda mota ke jira.

Ana cikin haka sai ga Baturen lafiya ya zo rangadi, aka sauke wasu akwatuna biyu a ɗakin shan magani. Ya kira ni ya ce injinan wanki ne, iri biyu, ana so a san wanda ya fi fitar da dauɗa kafin a saya wa ɗakunan shan magani na ƙauyuka. In gwada su, in rubuta rahoto, wani babba na gari ya sa hannu a matsayin shaida. Sannan ya faɗi maganar da ta kwance mini kai. Ya ce akwai gurbi guda na kwas ɗin shekara ɗaya a Kano, kuma duba-garin da rahotonsa ya fi kyau shi zai tafi. Zai dawo kwana uku bayan sallah ya karɓa.

Ai tun kafin ƙurar motarsa ta kwanta, ni a raina har na ɗaure kayana.

Injinan ba na lantarki ba ne, da hannu ake juya su. Na farko kamar babban baho ne a tsaye kan ƙafafu uku, da murfi a sama, a tsakiyarsa da wani ƙarfe mai fukafukai kamar maburgi, sai ka riƙa tura mariƙinsa gaba da baya yana burga kayan. Na biyu ganga ce a kwance kan ƙarafuna, da 'yar ƙofa a gefe mai sakata, kana juya hannunta kayan na hawa suna faɗowa a ciki. Malam Garba disfensa, dattijon da ke riƙe da ɗakin shan maganin tun ban san hannun damana ba, shi ya raɗa musu suna. Ɗaya Mai-baki-sama, ɗaya Mai-ƙofa.

Kwana biyu muka yi muna gwada su a bayan ɗaki da zannuwan gadon marasa lafiya. Mai-baki-sama akwai sauri, ga fitar da dauɗa, amma sai ya sha tulu shida kafin ya motsa, kuma yana murɗe kaya kamar yana jin haushinsu. Mai-ƙofa tulu biyu ya ishe shi, yana lallaɓa kaya, sai dai kafin ya gama kafaɗarka ta gaya maka. Ni na fi son Mai-ƙofa, ba don komai ba sai don ya fi kama da abin birni. Malam Garba kuwa ya tsaya kan Mai-baki-sama.

"Ni duk abin da ba na ganin cikinsa ban yarda da shi ba," in ji shi. "Wannan in ka yi kuskure ka ɗaga murfi ka gyara. Wancan fa?"

"Malam Garba, ai mai ilmi ba ya kuskure, littafi yake bi," na ce masa. (Wallahi haka na faɗa. Ina ma a ce wani ne ya faɗa nake ba ku labari.)

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, ga shi mun gwada mun gani. Rubuta abinka, ka kai wa Liman ya sa hannu, ka huta."

Da na bi wannan shawara da yau ba ni da labarin da zan bayar. Amma ina! Na ce ai kowane duba-gari zai wanke zanin gado a bayan ɗaki. Ni sai na yi abin da Bature zai karanta ya miƙe tsaye. Zan tara gari, dagaci na zaune, Liman na zaune, in wanke tufa mafi daraja a garin a gaban idon kowa. Tufa mafi daraja kuwa ba a gardama a kanta, rigar idin Liman ce.

Liman malamina ne. A zaurensa na yi karatun allo har na kai izu goma kafin a ɗauke ni a sa ni boko. Rigar kuwa farar saƙi ce da ya gada daga mahaifinsa, sau biyu take ganin rana a shekara. Ranar jajibere uwargidansa ke wanke ta da kanta, a wani kwano da ba a taɓa sa komai a ciki sai ita, a shanya ta a cikin gida, a kai wa mabugi ya buge ta. Na je na durƙusa a zaure na yi ta zuba, tsafta kaza, zamani kaza, ci gaban gari kaza. Ya bar ni na gama, yana jan carbi.

"Wato kai dai Kano kake son komawa," ya ce.

"Allah gafarta Malam, don amfanin jama'a ne."

"Na ji. In rigata ce za ta kai ka, ai ba zan hana ka ba. Ga ta, ga rawanin. Amana ce, ɗana. Gobe da ita zan tsaya gaban mutane."

Na karɓa hannu biyu, na fito ina jin kaina ya fi zauren tsawo.

Ranar jajibere tun da hantsi na sa aka fito da injinan ƙarƙashin ceɗiyar da ke gaban ɗakin shan magani. Bazara ce, rijiya ta ja baya, kowace mace a garin na son ruwan wankin sallah, ni kuma na sa aka ɗebo mini tulu takwas da sunan hukuma. Sai a lokacin na tuna da ƙa'idoji biyu na ɗan littafin da ya zo da injinan. Na ɗaya, fari da fari ake haɗawa. Na biyu, sai an cika inji zuwa wani layi da aka zana a ciki, in ba haka ba ba ya wanki da kyau. Ga riga za ta shiga ɗaya, ga rawani zai shiga ɗaya, amma me zai cika sauran? Zannuwan ɗakin magani duk mun wanke su wajen gwaji, ko ɗaya ba mai dauɗa. Ga mutane sun fara taruwa. Na duba gabas na duba yamma, sai na haye keke na nufi gida.

A gidan Gwaggo Hansai nake zaune, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwarsa. A kwanakin 'yarta Ladi ta zo wankan gida, ta haifi ɗanta na fari. Na shiga ban tarar da Gwaggo ba, ta tafi rijiya. A bakin ƙofar ɗakinta na ga wani ƙunshi ɗaure a tsohon zane, na ɗan ja bakinsa na hango fari. Shi ke nan. Fari nake nema, na ga fari. Ban kwance ba, ban tambaya ba, ko sallama ban yi wa mai jego ba, na ɗora a keke na juya.

Bari in tsaya nan in faɗi wani abu, don kada wani ya ce rashin sani ne. A garinmu ba da launi ake raba wanki ba, da mai kaya ake rabawa. Na maza daban, na mata daban. Na babba ba ya shiga kwano ɗaya da na yaro. Tufar sallah ko kusa da tsumman jariri ba ta zuwa, saboda najasa. Fatari kuwa, wato ɗan zanen da mata ke ɗaurawa daga ciki, a bayan ɗaki ake wanke shi, in za a shanya ma sai an rufa masa wani zane a kai. Duk na san wannan, a cikinsa na tashi. Wata tara kacal a Kano da ɗan littafi mai shafi goma suka share mini shi tas.

Na dawo na tarar wuri ya cika. Dagaci na kan kujera, Liman na kan buzunsa a gefe, masu sayar da raguna sun baro kasuwa da igiyoyinsu a hannu, Sarkin fawa da yaransa sun tsaya a gaba, mata na leƙe ta saman dannin kara. Kaina ya ƙara kumbura. Na ɗaga rigar Liman sama kowa ya gani, na saka ta a Mai-baki-sama. Na ɗaga rawanin, na saka shi a Mai-ƙofa. Sannan na kwance ƙunshin Gwaggo a bayan injinan, ina ɗiba da hannu ina cusawa, rabi nan rabi can, idona na kan jama'a bakina na lacca a kan ƙwayoyin cuta. Hancina ya ɗan gaya mini wata magana, na ce masa ya bari sai na gama jawabi. Na zuba ruwa, na kankare sabulu, na rufe murfi, na danna sakata.

Malam Garba ya kama Mai-baki-sama, ni na kama Mai-ƙofa. Gwaram-gwaram, cakwal-cakwal. Jama'a suka zuba ido.

"Duba-gari, wanne ne zai ci?" in ji dagaci.

"Ranka ya daɗe, wancan ya fi sauri, wannan ya fi tattalin ruwa. Yanzu ido zai raba gardama."

"In ya iya wanke tumbi a ba ni aronsa gobe," in ji Sarkin fawa. Aka yi dariya, ni ma na yi, irin dariyar manya.

Muna cikin juyi sai na hango Gwaggo a bakin danni, ta yafa zane a ka, tana yafito ni. Na ɗaga mata hannu alamar ta jira. Ta sake yafitowa. Na ɗauke kai. Sai na ji muryarta, "Kai ɗan nan, zo nan na ce!" Dole na saki hannun inji na je, ina yi wa mutane murmushi.

"Ƙunshin da ke bakin ƙofata, kai ka ɗauka?"

"Ni ne, Gwaggo. Yau hutu ya same ki, inji ke miki wanki."

Ta ɗora hannu biyu a ka. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ka kwance ka duba?"

"Fari ne ai."

Ta jawo kunnena har ƙasa, ta raɗa mini, "Tsummokaran jaririn Ladi ne na kwana biyu, da fatarina. Da me ka haɗa su?"

Na waiga wajen taron. Ta bi idona da kallo har kan Liman, ta gane, ta saki kunnena a hankali kamar wadda ta taɓa wuta.

Na juyo ina tafiya, ƙwaƙwalwata na gudu. Na ce ba wanda ya ji. Fatarin na tuna a Mai-baki-sama na cusa shi, don na ji santsin bakinsa a hannuna. In na ɗaga murfi kamar mai duba aiki, in lalubo shi cikin kumfa, in dunƙule in cusa a aljihu, wa zai sani? Sauran kuma in san dabarar da zan yi daga baya. (Ku lura, ko sau ɗaya ban yi tunanin in tsaya in ce jama'a na yi kuskure ba. Kano kawai nake gani tana nisa.)

"Malam Garba, ɗan matsa in duba."

Na ɗaga murfi, na zura hannu har kafaɗa. Na laluba, na laluba, na kamo igiyar fatarin. Na ja. Ya ƙi zuwa. Na ƙara ja, sai na ji duk kayan na biyo shi. Ashe maburgin nan ya yi aikinsa, ya naɗe igiyoyin a wuyan rigar Liman ya ƙulle su tam. Na shiga kwancewa a ƙarƙashin ruwa da hannu ɗaya, sabulu na sulɓe mini yatsu, ina ta yi wa jama'a yaƙe.

"Yaya, ta fita?" in ji dagaci.

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe."

"Ɗaga mu gani mana."

"Ranka ya daɗe, littafi ya ce..."

"Ni na ce ka ɗaga."

To, me zan yi? Na kama kafaɗun rigar na ɗago ta a hankali, ina addu'ar ƙullin ya kwance da kansa. Gaskiya ɗaya zan faɗa, rigar ta fita, fari sol, har mutane suka fara "Kai! Kai!" Na ƙara ɗagawa, sai ga shi nan ya biyo ta. Fatarin Gwaggo Hansai, da jan bakinsa mai tattara, yana reto a ƙirjin rigar idin Liman, ruwa na ɗiga daga jikinsa.

Wurin ya yi shiru. Wani rago ya yi kuka. Ta bayan danni na ji wata mata ta ce "La ilaha illallahu," sai ƙarar takun mata suna watsewa. Dattawa suka sunkuyar da kai, wasu suka juya baya gaba ɗaya. Ni kuwa na sandare da riga a sama, na kasa sauke ta, na kasa sakin ta.

Sarkin fawa ne ya fasa shirun. "Duba-gari, ashe injin har gyara yake ƙarawa?"

Dariyar da ta ɓarke ban taɓa jin irinta ba, irin wadda mutum ke yi yana neman gafarar Allah. A nan ne ɗan sauran hankalina ya tafi. Na tuna rawanin na can cikin Mai-ƙofa tare da rabin tsummokaran, na ce bari in cece shi tun kafin a gani. Na jefa rigar cikin baho na yi tsalle. Na ji Malam Garba na cewa, "Kada ka buɗe! Tsiyaye ruwan tukuna!" Littafin ma ya faɗa da manyan baƙaƙe, ni da kaina na karanta masa. Amma hannuna ya riga ya zare sakatar.

Ruwan ya fito gaba ɗaya, kuma ba fari ba ne. Tulu biyu ne kacal suka sha dauɗar kwana biyu ta ɗan jariri mai ƙoshin lafiya, sai ku ƙiyasta launinsa. Ya buge ni a gwiwa, santsin sabulu ya kwashe ni na zauna daɓas a ciki da kakina. Tsummokara suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna bin gangare, gangaren kuma, don ƙaddara, wajen buzun Liman ya nufa. Daga ƙarshe rawanin ya sulalo a hankali ya kwanta a kan cinyata.

Liman ya miƙe, ya ɗauke buzunsa kafin ruwan ya iso, ya karkaɗe shi. Bai yi dariya ba, bai ɗaure fuska ba. Ya tako har inda nake zaune ya dube ni.

"Ɗana, rawanin da tsummokaran, ruwa ɗaya suka sha?"

"Ruwa ɗaya, Allah gafarta Malam."

"Rigar ma haka?"

"Haka."

"To, madalla. Mun gani."

Ya sa takalmansa ya tafi. Da ya zage ni, ko ya sa a miƙe ni a tsula mini bulala kamar zamanin allo, da na fi samun sauƙi. Na ji kunya irin wadda ke sa mutum ya ji sanyi cikin zafin bazara, kuma karo na farko tun dawowata na daina tunanin Kano, na tuna cewa mutumin nan gobe zai ja gari sallah, kuma ba shi da wata rigar.

Gwaggo ce ta fitar da ni. Tsohuwar da fatarinta ya gama reto a gaban maza ta ja zanenta ta rufe rabin fuska, ta ratso tsakiyarsu ba ta kalli kowa ba. Ta kwance ƙullin da haƙori, ta tattara tsummokaranta daban, ta ɗauki riga da rawani daban, ta ce mini, "Tashi. Ɗauki guga."

Da tsakar rana na tsaya a bakin rijiya da jiƙaƙƙen kaki, cikin layin matan da na sha zubar wa da ruwa. Ba wadda ta ba ni wuri. Wata ta leƙa tuluna ta ce, "Malam duba-gari, a duba ko da tsutsa?" Na yi sawu ya fi a ƙirga, Gwaggo na ɗauraye rigar ita kaɗai a sabon kwano, tana zubarwa tana sakewa, har ruwan ya riƙa fita kamar yadda ya shiga, sannan ta sake wanke ta da hannu daga farko. Haka ta yi wa rawanin. Rana ta taimaka, kafin la'asar sun bushe, na kai wa mabugi da kaina na tsaya a kansa. Daga nan na kai kayan gidan Liman na miƙa daga zaure. Washegari ya ja idi da rigarsa, ni kuma na yi sallata a sahun ƙarshe, kusa da inda ake ɗaure jakuna.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kwana ɗaya kawai nadamar ta yi mini, ƙafata ta sake ƙaiƙayi. Na zauna na rubuta rahoto shafi huɗu da Turanci: tulu nawa kowanne ya sha, wanne ya fi sauri, wanne ya fi wahalar juyawa, da yadda manyan gari suka halarta suka ga farin riga da idonsu. Ba fatari a ciki, ba tsumma. Na wanke ido na koma zauren Liman neman sa hannu.

Ya ce in karanta masa da Hausa. Na karanta.

"Iyakar abin da ya faru ke nan?"

"Shi ne muhimmi, Allah gafarta Malam."

Ya gyaɗa kai, ya jawo tawada da alƙalaminsa na kara, ya yi rubutu layi huɗu da ajami a ƙasan shafin ƙarshe, ya hura ya miƙo mini. Ban iya dubawa a gabansa ba. Sai da na yi nisa, a gindin wata ɗorawa, na buɗe. Na karanta sau biyu, na zauna a ƙasa. Na so in yage shafin, amma sa hannun a jiki yake, kuma ba shaida ba rahoto. Can sai wata dabara ta faɗo mini, daga irin dabarun nan nawa. Na ce ai Bature zan ba rahoton, me Bature ya sani a ajami?

Ranar da ya ce kuwa Baturen ya dawo. Ya zauna a teburin Malam Garba yana karantawa yana gyaɗa kai, ni ina tsaye a gefe. Da ya zo ƙarshe ya nuna rubutun Liman ya ce, "Wannan fa, me ya ce?"

Na gyara murya. "Ranka ya daɗe, cewa ya yi duka injinan biyu suna da kyau ƙwarai, jama'a sun gode, kuma shi duba-garin ya cancanci a kai shi Kano."

Malam Garba ya kama tari ya juya yana gyara kwalabe.

Bature ya ciro tabarau daga aljihu ya sa. Ya ɗora yatsa a kan takardar, daga gefen dama. Tun daga nan na san ta ƙare mini. Ya karanta a hankali, da Hausarsa ta hanci, amma ko wasali ɗaya bai ɓata ba:

"Mai baki a sama ya fi fitar da dauɗa, amma yana ƙulla abin da bai kamata a ƙulla ba. Mai ƙofa a gefe ya fi tattalin ruwa, amma in an buɗe shi da gaggawa ba ya rufa wa kowa asiri. Yaron yana da ƙoƙari. A bar mana shi tukuna, bai gama karatunsa a nan ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Liman ya fi ka iya rahoto," ya ce. "Layi huɗu, kuma ba ƙarya."

Wani duba-gari ne daga wajen Watari ya tafi kwas ɗin, wanda na ji an ce zanin gado kawai ya wanke a bayan ɗaki. Ni na ƙara shekara shida a garinmu, kuma har na bar shi ba wanda ya sake kira na a kasuwa da sunan da aka yanka mini rago da shi, sai dai Mai-inji.

In kuna son darasi, na samu biyu. Ƙaramin shi ne, kada ka fassara wa mutum takarda sai ka ga ta gefen da yake fara ɗora yatsa. Babban kuwa ya fi ɗaukar mini lokaci. Yanzu 'ya'yana in za su sayi injin wanki na lantarki sukan zo su tambaye ni, wai ni tsohon ma'aikacin tsafta, mai buɗewa ta sama ya fi ko mai buɗewa ta gaba? Sai in ce musu kowanne suka saya zai fitar da dauɗa. Su dai kwance ƙunshin tukuna, su tambayi kayan waye.